Wa ke da ta cewa a kan cikin Baba?

Samarin da suka tarbi ruwan Tiga ranar da ya fara gangarowa gonakin Kadawa, yau su ne dattawan Garun Malam. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, don haka wanda yake da shekara 25 a lokacin yanzu ya haura 70. Su ne suka koyi noman alkama da tumatir da shinkafa a tsakiyar rani, suka ga tashin kasuwar Kwanar Gafan, suka tura 'ya'ya makaranta da kuɗin kwandunan tumatir. 'Ya'yan nan su ne yau ma'aikatan banki da lauyoyi da malaman jami'a a Kano da Kaduna da Abuja, kuma su waya ke samu idan jikin tsoho ya motsa.

A ɗauki ɗaya daga cikin dattawan nan a matsayin misali. Shekararsa 76, yana fama da hawan jini, ya sha taba kusan shekara 40 kafin ya bari bayan dawowarsa daga aikin Hajji, kuma numfashi kan sarƙe masa idan ya yi sauri zuwa masallaci. Fitsari ya fara ba shi wahala, aka kai shi birni a yi masa hoton ciki don duba mafitsara da ƙoda. Mai hoton ya ci karo da abin da ba shi aka je nema ba: babbar jijiyar jinin da ke ratsa ciki ta kumbura, faɗinta ya kai santimita 6. Likita ya ja babban ɗan gefe ya yi masa bayani. Ba sai an yi duba ba kafin a san amsar da zai bayar. "Likita, don Allah kada a gaya masa. Ko nawa ne aikin, za mu nema."

Ƙauna ce ta haifi kalaman nan biyu, amma kowannensu na iya cutar da wanda ake ƙauna. Ga tsoho mai rauni, babbar tiyata ba kullum take ƙara kwana ba, kuma akwai bincike mai ƙarfi da ya nuna haka. Hukuncin a yi ko a bari kuwa na mai jikin ne, ba na mai biyan kuɗin ba.

Tiyon da ya yi ciki

Manomin rani ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan ciwo. Jinin da ke zagaya sassan jiki na fitowa daga zuciya ta jijiya guda ɗaya, wadda likitoci ke kira awota. Tana gangarowa ta ƙirji, ta bi gaban ƙashin baya, tana ba hanta da hanji da ƙoda rabonsu, sai wajen daidai cibiya ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa ɗaya. Kamar babban kanal ne da ke ɗauko ruwa daga madatsa yana rarraba wa ƙananan magudanai. Faɗinta a cikin baligi kimanin santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni, ƙarfin bugun jini kan tura shi waje a hankali, kamar yadda tsohon tiyon injin ban-ruwa ke yin ciki a wuri ɗaya. Da faɗin ya kai santimita 3, an shiga abin da ake kira anurizim, wato kumburin jijiya. Mafi yawansa a ƙasa da mahaɗar jijiyoyin ƙoda yake fitowa.

Wanda ya taɓa kallon tiyon da ya yi ciki ya san cewa gwargwadon girman cikin, gwargwadon yadda robar ke ƙara miƙewa, har ranar da za ta tsage. Haka jijiyar take. Kumburin kan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a shekara, ya fi sauri ga mai shan taba, kuma yawanci ba ya ciwo, ba ya hana cin tuwo, ba ya hana zuwa gona. Wani siririn tsoho kan ji abu na bugawa a saman cibiyarsa idan ya kwanta rigingine, shi ke nan. Ranar da ta fashe kuwa, jini cikin ciki yake zuba inda ido ba ya gani: matsanancin ciwon ciki ko na baya farat ɗaya, gumi, jiri, faɗuwa. Kusan 8 cikin 10 na waɗanda abin ya faru da su ba sa tashi, da yawansu ma ba sa isa asibiti. A ƙauye sai a ce olsa ce ta tashi, ko a ce faɗuwa ya yi kawai, a yi jana'iza kafin la'asar, ba wanda zai taɓa sanin sunan abin da ya yi sanadi.

Babban mai jawo shi taba ce, sannan tsufa, da zama namiji, da gado, da hawan jini. Mata ba su cika samunsa ba, sai dai nasu kan fashe tun bai kai girman na maza ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna ya fi yawa a cikin fararen fata fiye da baƙaƙe. A Afirka kuma yana da wata fuska ta daban: likitocin tiyata a Durban ta Afirka ta Kudu sun bayyana, tun ƙarshen shekarun 1990, irin kumburin jijiya da ke kama matasa masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Wannan babi ne mai zaman kansa. Maganar nan ta tsofaffi ce.

Daga leda zuwa bututu

Shahararren majinyacin wannan ciwo shi ne Albert Einstein. A watan Disamba na 1948 likita Rudolph Nissen ya buɗe cikinsa a New York, ya tarar da kumburin, kuma da yake ba a iya sauya jijiya ba a lokacin, sai ya naɗe ta da selofen, wata 'yar leda mai shara-shara, da fatan naman da zai taru a kanta ya ƙarfafa bangon. Einstein ya ƙara shekara shida da 'yan watanni. Da jijiyar ta fara yoyo a Afrilun 1955, an riga an sami sabuwar dabara, domin a 1951 Charles Dubost ya yanke irin wannan kumburi a Paris ya maye gurbinsa. Aka yi wa Einstein tayin tiyata, ya ƙi, yana mai cewa ya yi nasa rabon kuma ba ya sha'awar a ja masa rai da ƙarfin na'ura. Ya rasu ranar 18 ga Afrilu a Princeton, yana da shekara 76, daidai shekarun dattijon Kadawa na misalin nan. Ba a taɓa jin wanda ya zargi iyalinsa da rowa ba.

Tun daga wancan zamani hanyoyin gyara biyu suka kafu. Ta farko ita ce buɗe ciki: a tsaga daga ƙasan ƙirji zuwa mara, a kawar da hanji gefe, a matse jijiyar sama da ƙasa da kumburin, a ɗinka bututun yadi na roba a madadin wurin da ya lalace. Matsewar nan ita ce tashin hankalin, domin zuciya kan wayi gari tana tura jini a kan ƙofar da aka rufe, ƙoda da hanji da ƙafafu kuma suna jiran a buɗe. Zuciyar da ta riga ta gaji na iya sarewa a nan. Wanda ya tsallake kuwa yawanci ya rabu da matsalar har ƙarshen ransa.

Ta biyu ta zo ne a 1990, lokacin da Juan Parodi a Buenos Aires ta Ajantina ya zura bututun yadi mai ƙashin waya ta jijiyar matsematsi, ya tura shi sama yana kallon hoto, ya buɗe shi a cikin kumburin, jini ya koma bi ta cikin bututun ya bar bangon da ya yi rauni. Kafin shi Nikolai Volodos ya gwada irin wannan a Kharkiv a 1987, duniya ba ta ji ba sai daga baya. Ana kiran dabarar EVAR. Ba tsaga ciki, ba doguwar jinya, wani lokaci ma ba a sa majinyaci barci gaba ɗaya. Duk mai hankali zai ce ga maganin tsofaffi ya samu. Haka likitoci ma suka zata.

Abin da gwaji ya nuna

Birtaniya ta yi abin da ya kamata a yi wa kowace sabuwar dabara: ta gwada ta da ƙuri'a. Tun kafin nan, wani gwaji da aka wallafa a 1998, mai majinyata 1,090, ya nuna cewa gaggawar yi wa kumburin da ke tsakanin santimita 4 da 5.5 tiyata ba ta ƙara tsawon rai idan aka kwatanta da sa ido da hoto, domin irin wannan kumburi kimanin 1 cikin 100 ne ke fashewa a shekara. Daga nan aka samo ƙa'idar santimita 5.5 da ake bi ga maza har yau. Darasin farko ke nan ga iyalin da aka ce musu mahaifinsu na da kumburin santimita 4: abin da yake bukata hoto ne lokaci-lokaci, da barin taba, da maganin hawan jini, ba biza ba.

Sai gwaje-gwaje biyu da aka fara a 1999. Na farkon, EVAR-1, ya ɗauki masu ƙarfin jure buɗe ciki ya raba su biyu. A cikin kwana 30 na farko, 1.7 cikin 100 ne suka rasu a ɓangaren bututu, 4.7 a ɓangaren buɗe ciki. Nasara ce a fili. Amma da aka ci gaba da bibiya, ratar ta rufe cikin 'yan shekaru, kuma rahoton shekara 15 da ya fito a 2016 ya nuna cewa bayan shekara 8 masu bututu sun fi mutuwa sanadiyyar kumburin. Bututun kan goce, ko jini ya sami hanyar yoyo ta gefensa ya ci gaba da hura kumburin, sai an koma an gyara.

Na biyun, EVAR-2, shi ne ya shafi dattijon Kadawa kai tsaye, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. An ɗauki mutane 338 masu babban kumburi waɗanda likitoci suka ce zuciyarsu ko huhunsu ko ƙodarsu ba za su jure buɗe ciki ba. Rabi aka ware su don bututu, rabi aka ce a bar su da magani kawai. Sakamakon da ya fito a 2005 ya girgiza masu sana'ar. Kimanin 9 cikin 100 na waɗanda aka sa wa bututu sun rasu cikin wata guda da aikin. Bayan shekara 4, kusan biyu bisa uku na dukkan majinyatan sun rasu, kuma babu bambancin a-zo-a-gani tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda aka bari. Da aka faɗaɗa adadin zuwa 404 aka sake dubawa a 2010, an ga cewa bututu ya rage mutuwar da kumburin kansa ke jawowa, amma jimillar mutuwa tana nan yadda take. Ma'ana, an toshe ƙofa ɗaya, ajali ya shigo ta wata. Cutar da ta lalata bangon jijiyar ciki ita ce dai ta lalata jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa, tabar da ta hura kumburin ita ce ta cinye huhun.

An soki gwajin, kuma sukar na da tushe: wasu daga cikin waɗanda aka ware don bututu sun mutu suna jiran aiki, wasu daga ɗaya ɓangaren kuma daga baya an yi musu. Na'urorin yau sun fi na 1999 kyau. Duk da haka, lokacin da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da daftarinta a 2018, ta karkata ga a daina sa wa marasa ƙarfin tiyata bututu. Likitocin jijiya suka yi ca, aka sassauta lafazin a ƙa'idar ƙarshe ta 2020, amma barin aiki ya zauna a cikinta a matsayin zaɓi na halal da dole a tattauna da majinyaci. Ƙasar da gwamnati ke biyan kuɗin jinya ke nan, inda ba wanda zai sayar da gona.

Ba a ce bari ba shi da haɗari ba. Wani bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka 198 da ba a yi wa aiki ba, wanda aka wallafa a 2002, ya sami fashewa a shekara guda ga kusan 1 cikin 10 na masu kumburin santimita 5.5 zuwa 6.9, da kusan 1 cikin 3 na masu santimita 7 ko fiye. Saboda haka lissafin dattijon nan mai santimita 6 shi ne: haɗarin kusan 1 cikin 10 da aka shimfiɗa a kan shekara guda yana gidansa, ko haɗari mai kama da shi da aka dunƙule a cikin wata guda yana gadon asibiti, ba tare da tabbacin ƙarin kwana a bayansa ba. Mutum mai cikakken hankali na iya zaɓar kowanne.

A ɗora wannan lissafi a kan titin Zariya

Alƙaluman can daga asibitocin da ke yin wannan aiki kowane mako suka fito, kuma sanannen abu ne a fannin cewa inda aka fi yawan yin aikin, nan aka fi tsira. A Nijeriya likitocin tiyatar jijiya 'yan ƙalilan ne, kuma aiki irin wannan sai babban asibitin koyarwa, ajin na Malam Aminu Kano ko na Shika, ko asibitin kuɗi a Legas da Abuja, ko kuma a haura Masar ko Indiya. Buɗe ciki na bukatar ledojin jini da yawa, waɗanda a nan dangi ne ke layin bayarwa, da gado a ɗakin kulawa ta musamman, da wutar da ba ta ɗaukewa, da injin wankin ƙoda a kusa ko da ƙodar za ta tsaya. Bututun kuma daga waje ake shigo da shi, da dala ake saye, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyata yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa a takarda, Kano ma na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma manomin rani a Bunkure ba shi da albashin da za a cira.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwar jinyar waje ba su cika faɗa ba. Bututu ba aikin gama-ka-tafi ba ne. Wanda aka sa wa yana bukatar hoto a kai a kai har ƙarshen ransa, domin yoyon da ke kashewa ba ya ciwo, hoto kaɗai ke gano shi. Ruwan da ake ɗura wa jijiya don hoton siti-sikan ya fito kuma yana wahalar da tsohuwar ƙoda. Iyali na iya tara miliyoyi, a jinginar da eka biyu ta bakin kanal, a tafi Indiya a dawo da hotunan murna a filin jirgi, sannan shekara uku ta wuce ba wanda ya sake duba bututun, domin asibitin da ya sa shi na wata nahiya, kuɗin kuma sun ƙare. An sayi haɗarin aikin gaba ɗaya, an bar rabin amfaninsa a can.

Gonar da aka jinginar ma ba ƙaramar magana ba ce. A yankin da ruwa ke zuwa rani da damina, fili shi ne fanshon tsoho, shi ne gadon matansa da ƙananan 'ya'yan da ba su kai birni ba. Babban ɗa da ke Abuja na iya mayar da abin da ya kashe cikin shekara biyu. Ƙanwarsa da ke aji uku a sakandaren Kura ba ta da wannan dama, kuma ba a tambaye ta ba.

Sai dai a yi hattara, domin wannan hujja na da kaifi biyu. Shekaru ba su ne rauni ba. Akwai ɗan shekara 78 da har yanzu ke taka keke daga Chiromawa zuwa gonarsa ya yini yana ban-ruwa, wanda zuciyarsa ta fi ta ɗan fansho mai shekara 62 da ciwon suga ya ci. (Shekarun ma sau da yawa kintace ne: da yawan dattawan nan da rasuwar Sardauna a 1966 suke auna haihuwarsu.) Irin wannan tsoho, idan kumburinsa ya haura ƙa'ida, ya cancanci aiki, kuma hana shi don furfura zalunci ne. Abin aunawa shi ne zuciya da huhu da ƙoda, da nisan da mutum ke iya takawa ba tare da ya tsaya ba, da ko yana iya yi wa kansa wanka da alwala. Haka nan, "a bar shi ya huta" na iya zama mayafin da gwamnati za ta lulluɓe gazawarta da shi. Baturen da ya ƙi aiki ya ƙi abin da aka miƙa masa ne. Talakan Garun Malam da ba a taɓa yi wa tayi ba bai zaɓi komai ba, kuma kada a kira rashinsa hikima.

Kada a gaya masa

Saura kalma ta farko ta babban ɗa, wadda ta fi ta biyun nauyi. Ɓoye wa tsoho ciwonsa al'ada ce mai tushe a tausayi: kada hankalinsa ya tashi, kada hawan jininsa ya hau. Amma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙi, cikin harshen da yake fahimta. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali na da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani na sauyawa da hali, daga wajibi zuwa mustahabbi zuwa halal zuwa makaruhi, kuma ta shardanta izinin majinyaci mai cikakken hankali. Ɗan da ke tsoron kada Allah ya kama shi da laifin ƙin yi wa mahaifi aiki, ya kamata ya ji tsoron sa hannu a madadin mahaifin da ke da bakin magana.

Mutumin da ya shekara 50 yana yanke shawarar ko ya zuba tumatir ko alkama, yana auna tsutsa da farashi da ranar da za a rufe kanal, ya san caca da rabo fiye da yawancin masu digiri. Ba ya bukatar a ce masa anurizim. Yana bukatar likita ya zauna, ba a tsaye ba, ya ce: "Baba, babbar jijiyar cikinku ta yi ciki kamar tiyo. Tana iya kai ku shekaru, tana iya fashewa. Akwai aiki, amma zuciyarku ba lallai ta ɗauka ba. Me kuka fi so a yi?" Wani zai ce a gwada, ran na Allah ne. Wani zai ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi kaɗai ya san ko abin da ya rage masa a duniya shi ne ganin auren autarsa bayan girbi, ko komawa Makka sau ɗaya, ko biyan wani bashi da ba wanda ya sani.

Wanda aka ɓoye wa kuwa an ƙwace masa wasiyya, an kuma ƙwace masa shirin ranar da abin zai faru. Domin ko an zaɓi bari, akwai aikin yi: maganin hawan jini ba fashi, maganin rage kitsen jini idan likita ya rubuta, rabuwa da taba ko da saura kara ɗaya a rana, da yarjejeniya tun da wuri a kan abin da za a yi idan ciwon ya taso da tsakar dare. A garzaya Kano, ko a nemi mai allurar kashe zafi a bar shi a ɗakinsa? Ya kamata iyali su san cewa ko a Birtaniya, a gwajin da aka wallafa a 2014 a kan majinyata 613 da suka isa asibiti da ransu, sama da kashi ɗaya bisa uku sun rasu cikin wata guda, ko ta wace hanya aka yi aikin. Su kuma san cewa ɗura wa irin wannan majinyaci ledojin ƙarin ruwa a kemis don jininsa ya hau na iya ƙara ɓalle yoyon. Ƙa'idar masana ita ce a bar awon jinin ƙasa-ƙasa muddin yana cikin hayyacinsa, har a isa ɗakin tiyata.

A ɓangaren hukuma, akwai jarabar kwaikwayon Ingila, inda tun 2009 aka fara gayyatar duk namijin da ya cika 65 a yi masa hoton ciki sau ɗaya, bayan gwajin maza 67,800 ya nuna hakan na rage mutuwar wannan ciwo da kimanin kashi 42 cikin 100. Kano ba ta kai nan ba, kuma bai kamata ta yi riya ba. Tantance dubban mutane don ciwon da ba a tanadi inda za a gyara shi ba rarraba fargaba ne kawai. Abin da ya fi dacewa ƙarami ne kuma mai araha: duk dattijon da ya haura 65, musamman wanda ya taɓa shan taba, idan an riga an ɗora masa na'urar hoto a ciki don wani dalili, a ƙara minti biyu a auna jijiyar a rubuta faɗinta da santimita. A koya wa ma'aikatan asibitin Kura da cibiyoyin lafiya na Garun Malam da Bunkure cewa tsoho mai ciwon baya na farat ɗaya da jiri ba lallai tsakuwar ƙoda ba ce. A tattara aikin a cibiya ɗaya ko biyu a Arewa maso Yamma inda hannun likitoci zai saba, maimakon kowane gwamna ya sayi na'urar da za a ƙaddamar a rufe. Sauran kuɗin a zuba su a awon hawan jini da aiwatar da dokar taba ta 2015, waɗanda za su tare shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da suka fi wannan kumburi kisa nesa ba kusa ba.

Dattijon misalin nan yana zaune a kan benci a bakin ɗakin likita, hularsa a gwiwa, yana kallon ɗansa da likita suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Ya aurar da 'ya'ya, ya binne abokai, ya san ma'anar irin wannan raɗa. A mota, wajen Kura, zai tambaya sau ɗaya: "Me likitan ya ce?"